A bar ikwalaiza a sifili: shawarar masu haɗa waƙa a Gusau

Matasan da ke haɗa waƙa a ɗakunansu nan Gusau sun tattauna kan ikwalaiza, wato abin da ake ƙara ko rage kauri da kaifin sauti da shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya: lokacin aiki, a bar ikwalaizar lasifika a sifili, ba ƙari ba ragi. In ka ƙara bes, wato kaurin sauti, don daɗin kunnenka, za ka rage shi cikin waƙar ba ka sani ba, sai ganga ta fito ba nauyi a wajen biki.

Wani ya ce a janye lasifika daga kusurwar ɗaki, domin bango na kumbura bes. Gaskiyarsa kuwa. A muryar mawaƙi, a yanke sauti mai kauri sosai, wato wanda ke ƙasa da 80 Hz a ma'aunin sauti. Kafin sakin waƙa, a saurare ta a waya da rediyon mota.