Babur ɗina na lantarki ya ƙi wuce 68: sifroket zan canja ko batir?

Tela daga Panshekara:

Assalamu alaikum. Ina da tsohon Boxer wanda injinsa ya buga, na ajiye shi a zaure kusan shekara. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin zuwa shago ya fi ƙarfina, sai na yi ta tari har na mayar da shi na lantarki. Aka cire inji da tanki, aka ɗaura injin lantarki mai jan sarƙa. A jikinsa an rubuta wat 3000, bolt 72, juyi 4000 a minti ɗaya. Batirin litiyom ne, bolt 72 amfiya 40, kwantirola kuma, wato akwatin da yake sarrafa wutar da ke zuwa inji, mai amfiya 80. Sifroket, wato faifai mai haƙora da sarƙa take bi, na gaba haƙora 10, na baya 60. Tayar baya 3.00-17 ce, ban taɓa ta ba.

Wajen tashi ba ni da ƙorafi. Ko na ɗauko yaron shago da dila biyu na atamfa daga Kantin Kwari, yana hawa gadar sama ba ya ko nishi. Damuwata miƙaƙƙen titi. Da safe, batir cike, na murɗe totur har ƙarshe, yana kai kilomita 68 a awa ya tsaya cak, kamar an riƙe shi ta baya. Da yamma in zan koma gida da ƙyar yake kai 55, manyan motoci suna danna min oda ina rakuɓewa gefe, abin yana tsorata ni. Wani bakanike ya ce in sa mai haƙora 15 a gaba, wai zan ga 110. Wani kuma ya ce batirin ne ya fara mutuwa. Kuɗin batir ba wasa ba ne, shi ya sa nake so in fahimci abin kafin in taɓa aljihu. Me yake tsayar da shi a 68?

Mai naɗin waya, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Batirinka lafiyarsa ƙalau, kada ka saya. Ɗauko biro mu yi lissafin tare.

60 raba 10 ya ba ka 6. Wato sai inji ya juya sau shida taya take juyawa sau ɗaya. Inji yana 4000, taya tana kusan 667 a minti. Tayarka in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa kamar mita 1.83. In kana shakka, shafa alli a jikinta ka tura babur ɗin a tsakar gida ka gwada da tef ɗinka na ɗinki. 667 sau 1.83 ya ba ka mita 1220 a minti, sau 60 kuma kilomita 73 a awa. Wannan shi ne rufin ɗakinka, wato iyakar gudunka, a bolt 72, kuma lissafin taya a sama ne, babu kai, babu kaya, babu iska.

Dalilin da yake tsayawa cak shi ne abin da nake nuna wa yarana kullum a shago. Injin lantarki in yana juyawa, shi ma janareta ne. Maganaɗisun cikinsa suna wuce naɗin tagulla, sai su haifar da wuta mai turo ta batir baya. Gwargwadon saurin juyi, gwargwadon ƙarfin wannan turi. In ya kusa kamo bolt ɗin batir, wuta ba ta da ƙofar shiga, ƙarfi ya ƙare, ko ka karya totur ba zai ƙara ba. Naka injin yana ba da juyi kamar 55 a kan kowane bolt ɗaya, 4000 raba 72 ke nan.

To batirin da ake kira 72 ba ya zama a 72. In irin mai ƙananan batura ashirin a jere ne, yana cika a bolt 84, yana ƙarewa wajen 60. Da safe, da ka ja wuta ya ɗan sauka zuwa 78, inji yana iya kai juyi 4300, a takarda kilomita 79, a titi 68 ɗin da kake gani. Da yamma ya sauko 64, juyi bai wuce 3550 ba, a takarda 65, a titi 55. Ka ga lissafin ya faɗa daidai kan abin da ka faɗa mana. Haka kowane babur irin wannan yake yi, sabo ko tsoho.

Tela daga Panshekara:

Allah ya saka da alheri, Oga. Na gwada da tef, mita ɗaya da santimita 82 na samu. To tunda haka ne, ai maganar bakaniken nan ta fito: 60 raba 15 huɗu ne, taya ta yi 1000, na buga na samu kusan 110. Ina kuskuren yake?

Malamar kimiyya, Zariya:

Malam, lissafinka daidai ne, amma rabin labarin ne. Sifroket yana faɗa maka iyakar gudun da inji zai yarda ka kai. Bai ce yana da ƙarfin kai ka can ba.

Abokiyar gabarka iska ce. Turin da take maka yana ƙaruwa ne ninki-ba-ninki: ka ninka gudu biyu, turi ya ninka huɗu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuma ya ninka takwas. Mutum zaune a miƙe a kan Boxer, a kilomita 70, iska kaɗai tana cin kamar kilowat biyu da rabi, gogar taya da ƙasa ta ƙara abin da ya haura rabin kilowat. A 110 rabon iska ya kusa ninka huɗu, wato wajen kilowat goma. Kai kuma me kake da shi? Bolt 72 sau amfiya 80, kilowat 5.8 ba kaɗan, kuma wani kaso yana tafiya a zafi cikin inji da kwantirola da sarƙa. Abin da zai isa taya bai kai biyar ba. Kilowat biyar a jiki irin na babur ɗinka yana ƙarewa ne wajen kilomita 80. Ko haƙora nawa ka sa, nan iska za ta tsayar da kai.

Abin da ya fi damuna da mai haƙora 15 shi ne abin da zai ƙwace maka. Ƙarfin murɗa tayar baya zai ragu da kashi ɗaya cikin uku. Dila biyun nan da yaron shago a kan gada, za ka ji su. Sannan a gudun cikin gari, 30 zuwa 40, inji zai riƙa juyawa a hankali yana zuƙar wuta mai yawa, kuma zafin naɗi yana bin amfiya ne: ka ninka amfiya biyu, zafi ya ninka huɗu. A watan Afrilu a Kano, da rana ta haura digiri 40, haka ake ƙona naɗi, maganaɗisu ma in ya sha zafi fiye da kima ƙarfinsa yana raguwa kuma ba ya dawowa.

Ni da babur ɗina ne, mai haƙora 12 zan sa a gaba. 60 raba 12 biyar ke nan, taya 800, a takarda 88. Rufin inji ya koma can kusa da inda ƙarfinka yake ƙarewa, ka yi asarar kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin tashi kawai. Sarƙarka ma za ta fi jin daɗi, don haƙora 10 sun yi ƙanƙanta, suna lanƙwasa ta sosai tana saurin ci.

Babur na fetur yana da giya huɗu ko biyar ne saboda injinsa ba shi da ƙarfi a ƙaramin juyi. Na lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, shi ya sa har manyan kamfanoni irin Zero na Amurka suke barin nasu da giya ɗaya tak. Amma giya ɗayar nan ita za ta yi maka tashi, ita za ta yi maka gudu, dole ka zaɓe ta a tsakiya.

Ɗan Maraɗi:

Mu namu injin yana cikin tayar baya, babu sarƙa balle sifroket. Juyin inji shi ne juyin taya, sai dai ka ƙara bolt ko ka sa babbar taya. Kai da kake da abin canjawa da kuɗi kaɗan, ka gode Allah. Wasu kwantirola kuma suna da saitin da yake raunana maganaɗisu don inji ya wuce juyinsa. Na kunna nawa sati ɗaya na kashe, ya ƙara gudu amma batir ya riƙa ƙarewa tun kafin la'asar.

Tsohon bakanike, Ƙofar Ruwa:

Ɗana, duk sun faɗa maka gaskiya, ni birki zan yi maka magana. Da injin fetur in ka saki totur inji yana riƙe ka. Wannan in ba a saita masa birkin inji a kwantirola ba, sakinsa yake yi kamar keke a gangara, kuma ka ɗora masa nauyin batir. Birkin Boxer na ganga ne gaba da baya. Kafin ka nemi 80, canja takalman birki, ka duba wayar birkin gaba, ka duba ƙusoshin da suka riƙe injin a jikin firam. In ka sa 12 sarƙa za ta ɗan ɗaure, sassauta tayar baya ka bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu.

Tela daga Panshekara:

Na dawo da bayani. Baba, na fara da birki kamar yadda ka ce, takalman baya sun cinye saura ƙarfe, ban sani ba. Ranar Asabar aka sa mai haƙora 12. Na gwada da taswirar waya a hanyar Panshekara bayan asuba, titi babu kowa: 77 ina zaune a miƙe, da na kwanta a kan batir ya taɓa 80, wanda ya tabbatar min da maganar Malama a kan iska. Da yamma yanzu ina samun 65, manyan motoci sun daina kora ta gefe. A gada da kaya ya ɗan yi nauyi, amma yana hawa, kuma in na isa shago ina iya ɗora tafin hannuna a jikin injin in ƙirga goma. Abin da na lura shi ne ranar da na yi ta gudu a 75 na isa gida batir saura layi ɗaya, da kuwa biyu yake ragewa. Yanzu ina riƙe shi a 60, sauran na bar shi don wuce tirela.