Muhawara: Shin iƙirarin cin zarafi ya isa a ba mutum izinin zaman dindindin a Ostireliya?

Kawu (Perth): Assalamu alaikum. Ina nan a kan maganata ta jiya. A ƙasar nan, idan aure ya mutu mace tana kan bizar aure ta wucin gadi, mai lamba 820, abin da kawai take bukata shi ne ta ce miji ya ci zarafinta, sai a miƙa mata ta dindindin, wato 801, shi kuwa wanda ya ɗauki nauyin zamanta ko kiransa ba a yi.

Hajiya (Melbourne): Wa'alaikumus salam. Kawu, Allah ya ƙara girma, amma dokar ba haka take ba. Kafin a waiwayi batun cin zarafi, sai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta gamsu cewa auren na gaskiya ne kafin ya rabu, kuma abin ya faru ne tun ana tare. Idan babu hukuncin kotu, dole ta kawo takardar rantsuwarta haɗe da shaidu biyu daga ɓangarori daban, kamar rahoton likita da na 'yan sanda.

Kawu: Hajiya, ai likitan abin da ta faɗa masa zai rubuta, tunda ba ya ɗakin lokacin da aka yi.

Malam (Sydney): Kawu yana da gaskiya a wuri ɗaya: a wannan hanyar da ba ta bi ta kotu ba, ba a zaunar da miji domin ya kare kansa. Sai dai idan jami'i ya yi shakka, ana tura mai iƙirarin wurin ƙwararre mai zaman kansa ya yi mata tambayoyi, kuma abin da ƙwararren ya yanke ya zama wajibi a kan ma'aikatar. Wanda aka kama da takardun bogi kuwa, ban da hana shi bizar, ana iya rufe masa ƙofar wasu bizoji har shekara 3. Sannan amincewa da iƙirarin ba ya nufin an sami miji da laifi a shari'a. Hukunci ne a kan biza kaɗai.

Hajiya: Madalla, Malam. Ya kamata kuma mu tuna dalilin tanadin. Galibi sai bayan shekara 2 da shigar da takardu ake duba bizar dindindin, kuma a tsakanin nan ne wasu mazan ke mayar da biza bulala, suna cewa in ta kuskura ta fita za su sa a mayar da ita gida. Alhali miji janye ɗaukar nauyi kawai zai iya, soke biza aikin ma'aikata ne. Da za a riƙa kiransa duk lokacin da ta kai kuka, wace ce za ta yi ƙarfin halin kaiwa tana kwana a gidansa? Kuma ba duka kaɗai doka ke kira cin zarafi ba, har da barazanar da za ta sa mutum fargabar lafiyarsa. Namijin da matarsa ta kawo shi ma tanadin ya shafe shi.

Anti (Brisbane): A ƙara da cewa idan akwai ɗa a tsakani kuma ana raba nauyin renonsa, wannan hanya ce dabam da ba ta bukatar zargin kowa. Ko ta wace hanya, sanar da ma'aikatar cewa an rabu wajibi ne.

Kawu: Na ji, kuma na janye kalmar "kawai". Amma Malam, wanda aka yi wa ƙazafi, sunansa ya ɓaci a masallaci da cikin dangi, ina zai kai nasa kukan?

Malam: Kotu, Kawu, idan an nemi umarnin kariya a kansa, domin a can ana ba shi damar magana. A fayil ɗin biza dai ba shi da kujera.