Sayen kan tirela a gwanjo: akwai riba, ko jidali ne?

Ɗan Dawanau:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga masu ilimin manyan motoci. Kan tirela ake son saya don jigilar hatsi daga Dawanau zuwa Legas, a dawo da kayan masarufi na 'yan kasuwar Singa. Lodin bai wuce tan 30 ba. Ana ta cewa a gwanjo an fi samun sauƙi, ko na kwastan, ko na kamfanoni, ko na ƙasar waje ta intanet. Shin sauƙin na gaske ne? Kuma me ya kamata a duba kafin a yi tayi?

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Sauƙin yana nan, amma da sharaɗi ɗaya: sai idan an yarda ka je da makanikenka ya taɓa motar da hannunsa. Ƙa'idar gwanjo ita ce yadda ka gan ta haka za ka ɗauka, ba a mayarwa. In an hana dubawa, to ka yi tayin kuɗin kayan gyara kawai, ba na mota mai tafiya ba.

Ka je da sassafe, da batir biyu masu caji, domin motocin Turai da na Sin 24 volt ne, kuma da wuya ka tarar da batir mai rai a motar da ta daɗe a ajiye. Kafin a tayar, ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga ka ne aka ɗumama shi don ya tashi da wuri, kuma hakan kaɗai ya isa ya sa ka ƙara lura. Zaro sandar baƙin mai. In ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga mai: gasket ya ƙone, ko silif ya tsage, ko kular mai ta huje. Buɗe murfin ruwan lagireto injin yana sanyi, a tayar, ka zuba ido. Kumfa mai fitowa ba tsayawa alama ce iskar silinda tana shiga ruwa, kuma irin wannan motar ce ke tafasa tun kafin a kai Zariya.

Injin na aiki, cire murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan rawa, babu laifi. In iska tana cilla shi tana fesar hayaƙi, ringi da silif sun cinye, sauke inji ke gabanka. Hayaƙin salansa ma magana yake yi: shuɗi mai yake ƙonawa, baƙi nozul ne ko tabo (fankar da ke cusa wa inji iska) ko matatar iska, fari wanda bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi yawanci ruwa ne. Cire bututun tabo ka girgiza sandar fankar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba komai, amma in tana gugar jiki ko tana tafiya gaba da baya, ta gama.

Sai iskar birki. Bari ta cika, allurar agogon iska ta kai bar 8 (ma'aunin ƙarfin iska) ko sama, a kashe inji, a sa waigi a taya, a saki birkin hannu, a taka birki a riƙe minti ɗaya. Bai kamata allurar ta sauka fiye da 0.2 zuwa 0.3 ba. In ta zube a idonka, akwai yoyo. Ja zaren ƙasan tankin iska: in mai ne ya fito tare da ruwa, kwamfuresa ta gaji.

Abin da ya fi inji muhimmanci a wurina shi ne shasi. Inji ana sake shi, giyabos ana sake shi, amma shasin da ya karye aka yi masa walda aka shafe da baƙin fenti ba zai daina buɗewa ba a ƙarƙashin buhu 300. A kwanta a ƙasa da tocila, a bi shi daga gaba har baya, musamman wajen farantin da ke riƙe bodi da wajen maƙalan sifirin. Sabon fenti a wuri ɗaya kaɗai abin tambaya ne. Taya kuma a karanta lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke rubuce a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwalta na iya fasa ta. Kai mai taya goma in duk sai an sake, wannan kuɗin kaɗai yana iya cinye rangwamen gwanjon.

Mai Fiton Kaya:
Malam ya gama da ƙarfe, bari in taɓa takarda, don a nan mutanenmu suka fi ƙonewa.

Gwanjon kwastan ta intanet ake yi tun 2017, kuma sai da lambar biyan haraji ta TIN ake rajista. Duk wanda ya kira ka ko ya turo saƙon WhatsApp yana cewa shi jami'i ne, ka tura kuɗi asusunsa ya ware maka mota, ɗan damfara ne, ko da ya nuna takarda mai tambari. Wanda ya ci gwanjo kwanaki ƙalilan ake ba shi ya biya ya kwashe, kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin tasha a kan farashin. Ka karanta sharuɗɗan wannan zagayen da kanka. Takardar cin gwanjo da rasiɗin biya su ne madadin takardar fito, ka adana su kamar takardar gida, domin za a tambaye su a hanya.

Na ƙasar waje, farashin da ka gani a allo somin-taɓi ne. Ɗora la'adar masu gwanjo, kuɗin kai motar bakin ruwa, kuɗin jirgi zuwa Legas, kuɗin fito, kuɗin ajiya in takardu suka yi jinkiri, ladan wakili, sannan gas da direban da zai hau da ita Kano, tafiyar kilomita dubu da ɗoriya. Duk na waje da dala ko yuro ne, kuma canji yana iya motsawa tsakanin ranar tayi da ranar fito.

Abu uku kada a kuskura. Motar Ingila mai sitiyari a dama: tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama na titi, ba a yarda da irin wannan sitiyarin ba, juya shi kuma ganganci ne a motar da ke jan tan 30. Motar Amurka da aka rubuta salvage a takardarta: kamfanin inshora ne ya sallama ta saboda haɗari, gobara ko ambaliya, wadda ruwa ya ci kuwa wayoyinta ba sa daina ciwo. Sai lambar shasi: wadda aka buga a jikin ƙarfe dole ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi.

Tsohon Direba:
Duk gaskiya ne, amma Alhaji, tun kafin dubawa ka san wace iri kake nema. Yawancin kawunan da ke gwanjon Turai 4x2 ne, taya shida, da balan-balan iska a baya, an yi su don titi mai santsi. Hanyar Mokwa zuwa Jebba da damina kai mai aksil biyu a baya take so, 6x4, mai sifirin ƙarfe. Kuma ka auna fil ɗin bodinka, wato ƙarfen da ke maƙala bodi a kan: akwai na inci 2, akwai na inci 3.5, in bai dace da farantin kan ba sai an sake ɗaya.

Kada sabuntar shekara ta ruɗe ka. Motocin Turai masu bin ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, da na Amurka daga 2010 zuwa sama, suna da matatar hayaƙi da ruwan tsabtace hayaƙi na AdBlue da na'urori barkatai. Gas ɗin da ake sha a bakin hanya, wani da ruwa wani da gauraye, yana toshe su, kwamfutar ta rage wa injin ƙarfi, mota ta koma tafiyar kura da lodi a tsakiyar daji. DAF XF95 ko CF85, MAN TGA, tsohuwar Mack mai injin E7, ko Howo 371, waɗannan ko a ina ta tsaya za a samu mai gyara da kayan gyara. Giya ma ta hannu, irin ZF mai 16, ta fi mai canza kanta sauƙin sha'ani a nan.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Baba ya tuna min gwanjon kamfanonin cikin gida. Kamfani ba ya sakin motar da ke kawo masa kuɗi, kuma wadda ta daɗe a yadi an sha cire mata kaya ana gyara 'yan'uwanta. A ƙirga komai: kwamfutar inji, kik, altaneta, famfon gas, farfela. A nemi littafin sabis, a sa na'ura a karanta awannin injin, don agogon kilomita ana juya shi.

In an ci, kada a yi lodi kai tsaye. A zubar da tsohon gas a wanke tanki, a sake baƙin mai gwargwadon injin, da duk matatu, da man giya da na aksil, a buɗe birki a ga ko ya kama. Tafiyar farko a yi ta kusa, Kano zuwa Kaduna da rabin lodi, makanike yana zaune a gaba.

Ɗan Dawanau:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi. To 6x4 mai giyar hannu za a nema. Malam, in an fitar da ranar dubawa zan sanar a nan, don a samu wanda zai je da batir da na'urar.