Agogon hannu ya ce bugun zuciyata bai kai ba, shin in koma gudu?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum. Shekaruna 52, kuma ina shan maganin hawan jini. Ɗana ya sayo mini agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, ya ce in riƙa ɗaura shi idan na fita tattaki bayan sallar Asuba. To, ko na yi sauri har gumi ya jiƙe mini riga, adadin ba ya wuce 95 a minti ɗaya, agogon kuwa sai ya nuna ban kai matakin da ake so ba. Shin in koma gudu ne, ko agogon ne ba ya faɗin gaskiya?

Ɗan Gusau:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Yawancin waɗannan agoguna suna lissafi ne da tsohuwar ƙa'ida, wato a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun da ake kyautata zaton zuciyarsa za ta iya kaiwa. Naka ya kama 168 ke nan. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka ta sanya motsa jiki na matsakaici tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari na wannan adadi, wanda a wurinka ya kama daga 84 zuwa kusan 118, don haka da 95 ɗin nan ka riga ka shiga ciki. Ina zaton matakin motsa jiki mai tsanani agogon yake nuna maka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa minti 150 zuwa 300 na matsakaicin take so babban mutum ya samu a mako, kuma tafiya da sauri ta wadatar.

Maman Sadiq:
Alhaji, don Allah wane magani kake sha? Akwai jinsin magungunan hawan jini, irin su atenolol da bisoprolol, waɗanda aikinsu shi ne rage saurin bugun zuciya, kuma agogo bai san kana shan su ba. Mai shan su zai iya wahalar da kansa a banza yana bin adadin da maganin ya riga ya hana zuciyarsa kaiwa. Abin da ya fi dacewa shi ne ka auna da numfashinka: idan kana iya yin magana da abokin tafiyarka amma ba za ka iya rera waƙa ba, to ka kai inda ake so. Idan kuwa ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ka tsaya nan take ka nemi asibiti, ko mene ne agogon ya nuna.

Malamin Lissafi:
Ƙari a kan haka, koren hasken da kake gani a bayan agogon shi ne yake bin kai-komon jini a ƙarƙashin fata, saboda haka idan maɗaurin ya yi sako-sako yana zamewa da gumi, lissafin yakan rikice. Ka matsar da shi sama kaɗan daga ƙashin wuyan hannu, ka ɗan tsuke shi. Ni a ganina amfaninsa ya fi yawa wajen duba bugun da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka ga yadda yake tafiya mako bayan mako.

Baban Khadija:
Na gode muku ƙwarai. Hajiya, na duba kwalin, atenolol ne kuwa. Gudu dai na fasa, kuma zan tafi da agogon ranar ganin likita domin ya faɗa mini adadin da ya dace da ni.