Cocin Dalmeny: wanne ne ginin asali, wanne ne ƙari?

Ɗalibar_Zane: Salamu alaikum. An ce cocin ƙauyen Dalmeny, yamma da Edinbara a Sikotland, tun ƙarni na 12 yake tsaye. Amma a hoto hasumiyarsa ba ta yi mini kama da tsohon gini ba. Don Allah ta yaya ake rarrabe na asali da abin da aka ƙara?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam, malama. Idonki bai yaudare ki ba. Hasumiyar ta 1937 ce, a gurbin wata da ta daɗe da rushewa. Na asali ɗakuna uku ne a jere daga yamma zuwa gabas, kowanne ya fi wanda ya gabace shi ƙanƙanta: zauren jama'a, wurin limamai, sai kusurwa mai rabin da'ira inda bagade yake. Ki duba bakunan da suka raba su. Zagayayyu ne, ba masu tsini ba, an sassaƙa musu zane mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar haƙoran zarto. Ɗakuna biyun gabas rufinsu na dutse ne mai haƙarƙari a gicciye, kusan irin ɗaurin gugan soronmu. Ƙofar kudu ita ce abin kallo, duk siffofin dabbobi ne a bakanta. Salon zamanin Sarki Dauda na Ɗaya na Sikotland ke nan, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153.

Hajiya_Akitek: Ƙari kan bayanin Malam: ɗakin da ya fito ta arewa na iyalan Rosebery ne, na 1671. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da Sikotland ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta, wa'azi ya zama jigon ibada, aka kawar da bagade, masu ƙasa suka riƙa manna wa coci-coci ɗakunansu na zama da na binne mamata. Ki bi layin duwatsu da ido. Inda layi ya katse, ko gaɓa, wato mahaɗin duwatsu, ta miƙe tsaye daga ƙasa har sama, ƙari ne.

Injiniya_Dutse: Kada dai ki dogara da tsufan fuskar dutse, mugun gyara ma yana tsofar da shi. Dutsen yashi yana shan ruwa, kwaɓin farar ƙasa da ke tsakani shi ke fitar da danshin. In aka cike gaɓa da siminti, ruwan ya rasa hanya sai ta cikin dutsen. Sanyi ya daskarar da shi, fuskar ta ɓare, simintin kuwa ko gezau. Maƙalan ƙarfe da aka binne a bango su ma in sun yi tsatsa kumbura suke yi su tsaga dutse.

Gyaran: a ƙwaƙule gaɓar da hannu, ban da injin yanka, zurfin ya kai ninki biyu na faɗinta. A jiƙa, a cusa kwaɓin farar ƙasa awo 1 da yashi mai kaifi awo 3, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara na 'yan kwanaki. In ma'aunin zafi ya yi ƙasa da digiri 5 na Selsiyas, a dakata, don kwaɓin ba zai kama ba.