Namuzajiyya ko ta unguwa? Ku ba ni shawara kan 'yata

Abu Hauwa, Gadarif:
Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta gama mutawassiɗ, wato matakin da ke kafin sakandare a nan Sudan, sakamako ya fito kuma alhamdulillahi makinta ya kai na namuzajiyya, wato makarantun gwamnatin nan da ake tara yara masu maki sama. To matsalar ita ce makarantar tana can cikin gari mu kuma muna gefe, sai ta hau raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta sauka ta sake shiga mota, ga ta unguwa nan wadda suke kira jugurafiyya ko minti goma ba a yi a ƙafa. Uwarta ta ce a bar ta kusa da gida, ita kuma yarinyar tun jiya ta ƙi cin abinci wai likita take so ta zama. Don Allah wanda ya taɓa kai ɗansa ya gaya min gaskiya, akwai bambanci ko suna ne kawai?

Baffa na Mai Wurno:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka kai ta. Wannan tsari na tace yara ba yau aka fara shi a Sudan ba, makarantun sakandare na Hantub da Wadi Sayyidna tun 1946 aka buɗe su, Khor Taggat ta wajen Ubayyid ta biyo baya a 1950, a wancan lokacin dukkansu na kwana ne kuma gwamnati ke ciyarwa, ɗan manomi da ɗan attajiri gado ɗaya kwano ɗaya. Tsohon shugaban ƙasa Numairi da ɗan siyasar nan Turabi duk Hantub suka yi, can tsallaken kogi daga Madani. Amma fa na maza ne zalla, kuma mu a lokacin iyayenmu allo da gona suka sani, yaro ya sauke ya kama fartanya shi kenan. Har yau abin yana min ciwo wallahi. Yanzu ga 'ya mace ta ci da ƙoƙarinta kana tambayar raksha?

Ummu Yasir:
Baffa Allah ya ƙara girma, amma zamanin ciyarwa ya wuce, yanzu ko alli iyaye ake cewa su kawo kuɗinsa. Abu Hauwa ni ɗana ya yi, bari in faɗa maka abin da ba wanda ya faɗa min. Kuɗin mota kullum, kuɗin fatur wato karin kumallo, ga takardun bita da ake ta bugawa, ga darasin yamma wanda a baki ba dole ba ne amma duk ajin suna zuwa to naka zai zauna ne? Wannan duk mai sauƙi ne ma. Yaron nan tun aji ɗaya shi ke zuwa na ɗaya, zangon farko a can ya zo na ashirin da wani abu, ya dawo ya ajiye jaka ya shige ɗaki, ful ɗin, wato waken, da na sa masa a burodi da safe haka na tarar da shi a jakar bai taɓa ba. Sai da muka yi wata biyu muna lallashi kafin ya gane kowa a ajin na ɗaya ne a inda ya fito. Ka shirya mata wannan tun yanzu.

Ustaz Abu Mus'ab:
Ni malamin lissafi ne, na koyar a duka biyun. Manhaja ɗaya ce, littafi ɗaya, kuma shahada sudaniyya, wato jarrabawar gama sakandare, ɗaya za su zauna a ƙarshe. Bambancin yana cikin ajin, a namuzajiyya in ka yi bayani sau ɗaya an wuce sai a shiga tambayoyin shekarun baya, a ɗayar kuwa kana babi na uku wasu ba su riƙe na farko ba, balle yanzu da yaƙin 2023 ya sa yara suka daɗe a gida kuma 'yan gudun hijira suka cika azuzuwa. Likitanci a Jami'ar Khartum sai sama da kashi 90, wanda ke neman haka yana bukatar abokan gogayya. Ka nemi iyayen da 'ya'yansu mata za su can ku haɗa kuɗi ku ɗauki raksha ɗaya na wata wata, da direban da kuka san gidansu.

Abu Hauwa, Gadarif:
Na gode ƙwarai, Baffa na ji faɗan kuma na karɓa. Ustaz akwai yarinya ɗaya a layinmu da ita ma ta ci, bayan isha'i zan je wajen babanta. Saura shawo kan uwarta, Ummu Yasir ko za ki yi mata magana ke da kika san abin?