Shawarwarin masana ga mai shirin bincike a ƙasashen Larabawa

Abin da masana suka fi nanatawa a wata tattaunawa kan bincike a ƙasashen Larabawa shi ne harshe. Fus'ha, Larabcin littafi, zai buɗe maka jaridu, huɗubobi da takardun gwamnati, amma hira da direba a Alƙahira ko ɗan kasuwa a Fas sai da karin harshen wurin. Ɗalibanmu da suka ƙware a nahawu nan suke tuntuɓe: mutane kan koma yi musu maganar hukuma, ainihin ra'ayi ya ɓuya. Shawarar masanan ita ce a zaɓi ƙasa ɗaya, a ba karin harshenta aƙalla wata shida kafin fara tambayoyi. A Maroko a haɗa da Faransanci, kuma kada a manta da Tamazight, harshen ƙabilar Berber, wanda ya zama harshen hukuma a 2011.

Izinin shiga ma'ajiyar takardun tarihi ta Masar kan ɗauki watanni, don haka a nema da wuri. Mai nazarin Sudan, inda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, gara ya fara da ma'ajiyar takardun Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila.

Batun tsaro kuwa babu sassauci. An tuna da Giulio Regeni, ɗalibin Jami'ar Cambridge da aka kashe a Masar a 2016 yana binciken ƙungiyoyin ƙwadago. A sauya sunayen waɗanda aka zanta da su, kada a bar muryoyinsu a waya lokacin ƙetare iyaka, domin su ne za a bari a ƙasar bayan mai bincike ya tafi.